Siginar dama ta Hilux tana ƙiftawa da sauri, ƙwan ne? Zan iya canjawa da kaina?

Direban Kusiri

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni zuwa ga masu wayarin mota da bakanikai.

Motar Hilux ce a-kori-kura, ƙirar 2012, mai gazuwal, kabin biyu. In na ba da siginar hagu lafiya lau take, tana ƙiftawa yadda ta saba. In na ba da ta dama sai ƙarar ta koma kat-kat-kat da sauri, kibiyar da ke kan tabulo, wato allon agogon gaban direba, ma haka. Ta gaba tana kamawa, ta gefe tana kamawa, ta baya ce shiru. Motar tana bin hanyar Kusiri zuwa Marwa da kaya, kuma kun san yadda 'yan kilando, masu babur na haya, suke bin gindin mota a cikin gari, ba na son in karya kwana na baya bai sani ba. Ga bisit teknik, wato duba lafiyar mota da hukuma ke yi, ma ta matso.

Abin da nake son sani: ƙwan ne ya mutu ko rilai ne? Wane irin ƙwai zan saya? Ta ina ake buɗe fitilar ba tare da an fasa ta ba? Sannan wani ya ce in sa masu LED in huta gaba ɗaya, shin shawara ce? Allah Ya saka da alheri.

Mai wayarin mota, Garwa

Wa alaikumus salam, Malam direba. Rilai ɗinka, wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, lafiyarsa ƙalau, aikinsa ma yake yi. Da gangan aka ƙera shi ya ƙara sauri idan ƙwai ɗaya ya daina jan wuta, don direban da ke ciki ya gane, tunda ba ya ganin bayan motarsa. Lissafin mai sauƙi ne. A gefe ɗaya akwai ƙwai mai wat 21 a gaba, wani mai wat 21 a baya, da ƙarami mai wat 5 a gefe, jimilla wat 47, wato kusan amfiya 4 a kan bolt 12. In na baya ya mutu sai jan wutar ya faɗo kusan rabi, rilai ya ji, ya ninka saurinsa. Sigina mai lafiya tana ƙiftawa tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Kuma ba fis ba ne, domin da fis ne ya ƙone da hagu da dama duka za su mutu tare. Matsalar gefe ɗaya, fitila ɗaya, a wurin fitilar ake neman ta.

Kafin ka taɓa sufana, danna madannin sigina huɗu, mai jan alama mai kusurwa uku, ka zagaya motar. Wannan zai nuna maka duk fitilun a lokaci ɗaya ba sai ka nemi wanda zai zauna maka a sitiyari ba. In ta bayan dama ce kaɗai ba ta kama ba, to ka san inda za ka. Daga nan ka kashe komai, ka zare makulli. Ba sai ka cire kan batir ba don canjin ƙwai kawai. Amma in ka daɗe da kunna fitilun, ba su minti biyar su huce, ƙwan wat 21 yana ƙona yatsa sosai.

Kayan aikin ba su da yawa: sufana mai lamba 10, in da hali irin ta soket mai hannu, sukudireba mai kan giciye, tsumma mai tsabta, da ɗan guntun samfefa mai laushi.

Ka sauke ƙofar bayan bodi. A jikin ginshiƙin da ƙofar take rufewa a kai, dab da fitilar, za ka ga kawunan ƙusoshi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Su ne ke riƙe da gidan fitilar. Ka kwance su ka sa a aljihu, kada ka ajiye a kan ƙofar, in suka faɗa cikin yashi sai ka yi yini kana tona. Bayan an cire su fitilar ba za ta faɗo ba, domin ɗaya ɓangaren yana da ƙusoshin roba biyu da suka shiga ramuka a jikin bodi. A nan mutane suke yin ɓarna. Suna zura sukudireba tsakanin gilashi da fenti su banƙare, sai kunnen fitilar ya karye, daga ranar kuwa ba za ta sake zama daidai ba, ruwa da ƙura sun sami ƙofa. Ka kama ta da hannu biyu, sama da ƙasa, ka girgiza a hankali, za ka ji wajen da take son fita. Wasu motocin gefe take fita, wasu baya kai tsaye. Ka bi wannan wajen da ƙarfi daidai gwargwado har ta ɓalle. In ƙura ta ƙame ta, ka bubbuga da tafin hannu, ko ka zuba ɗan ruwan sabulu a tsagar.

Da ta fito kada ka sake ta tana lilo a jikin waya. Ka ɗora ta a kan ƙofar bisa tsumma. A bayanta akwai soket uku: na birki da fitilar dare, na sigina, na ribas. Ka duba ta gaba ka ga ɗakin da siginar take, ka bi shi zuwa baya. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: soket ɗin birki wayoyi uku gare shi, na sigina biyu. Ka murɗa soket ɗin zuwa hagu kamar kwatan zagaye, ka jawo. Ƙwan da ke ciki in mai gindin ƙarfe ne, ba a jan sa kai tsaye. Danna shi ciki kaɗan, murɗa hagu, sai sifirin ya turo shi. In mai gindin gilashi ne wanda ya baje kamar harshe, wannan jan sa ake yi miƙe, babu murɗawa. Ka riƙe da tsumma ko da wane iri ne, tsohon ƙwai yana iya fashewa a hannu, ko gilashin ya rabu da gindin. In haka ta faru, ka tabbatar makulli a zare yake, ka kama bakin ƙarfen da siririyar filaya, ka danna ka murɗa.

Sa sabon akasin haka ne: ka daidaita kunnuwan biyu da tsagoginsu, ka danna, ka murɗa dama har ka ji ya zauna. Sai ka gwada tun fitilar tana waje. Wannan ina nanata shi, domin babu abin da ya kai ɗaure komai sannan ka tarar ba ta kama ba cin rai. In ta kama, saurin ya koma daidai, ka duba zoben robar da ke wuyan soket ɗin, ka goge shi, ka mayar ka murɗa dama har ya kulle. Ƙusoshin robar nan ake fara shigarwa, sannan ka ɗaura na ƙarfen biyu da yatsa tukuna, ka ƙarasa da sufana. Da sun kama ka tsaya. Roba suke dannewa, in ka matsa da yawa tsagewa za ta yi.

Siginar gaba, in ranarta ta zo, ta cikin bonet ake kai mata. Soket ɗin yana bayan gidan babbar fitila, can ƙuryar waje wajen taya. Wurin a matse yake, a gefe ɗaya batir ya tare, a ɗayan akwatin iska, amma hannu yana shiga in an lallaɓa. Murɗawar duk ɗaya ce. Akwai motocin da sai an karya sitiyari an ɓalle 'yan maɓallan robar da ke saman taya an shiga ta nan. Ƙaramar ta gefe kuwa maƙale take da sifirin: ka tura ta gaba ko baya da yatsa, ɗaya bakin zai ɗago, ka zaro. In a jikin madubi siginar gefen take, galibi LED ce a rufe, ba a canja mata ƙwai, sai dai a canja ta ɗungurungum.

Duk aikin na baya bai wuce minti goma sha biyar ba ga wanda bai taɓa yi ba.

Mai shagon kayan gyara, Marwa

Maigida na Garwa ya gama bayanin buɗewa, ba ni da abin ƙarawa a kai. Ni batun sayen ƙwan zan taɓa, domin a nan aka fi yin asara.

Malam direba, kada ka je kasuwa ka ce a ba ka ƙwan kilinyotan, wato na sigina, na Hilux. Ka fara cire tsohon, ka tafi da shi a hannu. Hilux ɗin da ke yawo a ƙasar nan ba daga kasuwa ɗaya suka fito ba, wata ta Dubai, wata ta Turai, wata ta shigo ta Najeriya, kuma da yawa an riga an canja musu gidan fitilar baya da wanda ba na asali ba. Shekarar mota ba za ta gaya maka abin da ke cikin soket ba. Rubutun da ke jikin gindin ƙwan shi ne zai gaya maka.

Ga waɗanda za ka gamu da su. P21W farin gilashi ne, zare ɗaya a ciki, ɗigon dalma ɗaya a ƙasa, kunnuwansa biyu suna fuskantar juna sak, tsayinsu ɗaya. Shi ake sawa idan gilashin ɗakin siginar da kansa ruwan lemo ne. A kwalayen da aka yi don kasuwar Amurka za ka ga an rubuta 1156, gindinsu ɗaya. PY21W kuwa ƙwan ne da kansa aka rina ruwan lemo, don fitilar da gilashinta fari ne garau. Girmansu ɗaya da na farko, ƙarfinsu ɗaya, amma kunnuwansa ba sa fuskantar juna, an karkatar da ɗaya, tsakaninsu digiri 150 ne maimakon 180. An yi haka ne da gangan don kada a sa farin ƙwai a inda ake son na lemo. In ka ɗora su biyu a tafin hannu ka kalli gindin daga ƙasa za ka ga bambancin nan take. Mutum ya sayi ɗaya a madadin ɗaya, ya ƙi shiga, sai ya goge kunne guda da fayil ya cusa. Zai kama a ranar. Da motar ta hau gargadar Dabanga sai ƙwan ya karkace, yau ya kama gobe ya ƙi, a yi ta zargin rilai.

Na uku shi ne P21/5W, na birki da fitilar dare. Zare biyu a ciki, ɗigon dalma biyu a ƙasa, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga gindi. Ba na sigina ba ne ko kaɗan. Kuskuren da ya fi muni ma shi ne akasin haka, a cusa mai ɗigo ɗaya a soket ɗin birki. Ɗigon nan ɗaya yana haɗa layin birki da na fitilar dare, sai ka taka birki ka ga fitilun tabulo da ƙananan fitilun gaba sun kama. Tunda za ka buɗe gidan fitilar, ka duba wannan ma, ba ka san abin da na baya ya sa ba.

Masu gindin gilashi su ne W21W fari da WY21W na lemo, a wasu kwalayen 7440. Ƙananan na gefe W5W ne ko WY5W. Harafin Y duk inda ka gan shi launin lemo yake nufi.

Sai tarkon da ya fi kama mutane a nan wajenmu, inda manyan motocin dakon kaya suke cike da hanya: ƙwan bolt 24. Na tirela da na Hilux kamarsu ɗaya, gindi ɗaya, duka an rubuta 21W, kuma a kwali ɗaya wasu masu tebur suke zuba su. Ka karanta: 12V kake nema. In ka sa na 24 a motar 12 zai kama, amma ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, da rana ba mai ganin sa, kuma da yake wutar da yake ja ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda ake bukata ba, saurin ƙiftawar ba zai daina ba. In aka sa na 12 a motar 24 kuwa, walƙiya ɗaya zai yi ya mutu. Masu tsofaffin Land Cruiser na gazuwal su lura, akwai waɗanda tsarinsu bolt 24 ne. Ganin batir biyu ba hujja ba ce, a duba haɗin: in kan mai alamar tarawa na wannan ya tafi kan mai alamar ɗebewa na wancan, 24 ne, in tarawa da tarawa aka haɗa, 12 ne.

Game da inganci, ka ɗaga ƙwan a haske. Zaren ya kasance a tsaye a tsakiya, dalmar ƙasan ta yi tudu sumul, gilashin kada ya motsa a cikin gindin in ka ɗan murɗa. Na lemo mai arha fenti ne a sama, zafin watan Afrilu da zafin ƙwan kansa suna sa ya ɓare, cikin 'yan watanni siginarka ta koma fara. Osram da Philips sun fi jimrewa, sai dai ana buga jabunsu, don haka ka duba ko rubutun gindin ya fita tsaf ko ya dusashe. Ka sayi biyu na sigina ka canja hagu da dama tare, tunda shekarunsu ɗaya, ka ajiye tsohon mai rai a cikin soso a aljihun mota tare da fis mai amfiya 10 ja da mai 15 shuɗi.

Direban Kusiri

Madalla, na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Na buɗe yadda aka ce, PY21W 12V ne a ciki. Amma zaren tsohon bai tsinke ba a ganina, gilashin ne kawai ya yi baƙi. Na sa sabo, ya kama, sai dai haskensa bai kai na hagu ba. Kuma in an kunna fitilar dare aka ba da sigina, jar fitilar tana raguwa tana ƙaruwa tare da ita. In aka taka birki siginar ta kusa ɗaukewa gaba ɗaya, saurin ya dawo. Cikin soket ɗin akwai abu kore-kore. Me ke nan?

Tsohon bakanike, Njamena

Ɗana, wannan ba ciwon ƙwai ba ne, masa ce. Alamomin da ka lissafa babu wanda ya ɓata.

Kowace fitila hanya biyu take bukata, ta shigowar wuta da ta komawa. Ta komawar ita ce masa, wayar da ke ɗaure a ƙarfen mota, a Toyota fara ce mai baƙin layi. Ƙwayayen gidan fitilar baya duka masa ɗaya suke rabawa. In ta yi tsatsa ko ta kusa tsinkewa, wutar siginar ba ta samun hanyar fita, sai ta koma da baya ta bi ta zaren birki da na fitilar dare tana neman ƙarfe ta wani gefen. Shi ya sa jar fitila take numfashi tare da sigina, shi ya sa kuma hasken ya raunana, ƙwai biyu ko uku ne suke raba wutar ƙwai ɗaya. Da ka taka birki, ita ma wannan ɓarauniyar hanyar ta cika da wuta, siginar ba ta da inda za ta bi, sai ta ɗauke.

Gwajin ba ya bukatar kuɗi. Nemo waya mai tsawon mita ɗaya, ka fere bakin biyu. Ka kunna siginar, ka taɓa baki ɗaya a wayar masa ta soket ɗin ko a jikin gwangwanin gindin ƙwan, ɗayan kuma a ƙarfen shasi inda ka kankare fenti da tsatsa. In hasken ya tashi nan take, jar fitilar ta daina rawa, ka kama ɓarawon. Ka kula kada wayar ta taɓa ɗigon tsakiya, nan wuta take, fis zai tafi. Mai mitar auna wuta ya sa ta a kan bolt, tsinke ɗaya a masar soket ɗaya a shasi mai tsabta, fitila a kunne. Abin da ya wuce bolt 0.2 ya nuna hanyar ta toshe.

Gyaran wuri uku ne, ka bi su da tsari. Na farko soket ɗin kansa. Koren nan da ka gani tsatsar jan ƙarfe ce, ruwa ya shiga. Zare makulli, ka naɗa samfefa mai lamba 400 a jikin tsinke ka goge cikin bango da harshen da ke ƙasa har su yi ƙyalli, ka hure ƙurar. Ka danna harshen da tsinken ka ji ko sifirin yana turowa. In ya kwanta, ɗaga shi kaɗan. In robar soket ɗin ta narke ko ta yi ƙuna, kada ka ɓata lokaci, sayo wani, a wajen masu kayan tsofaffin motoci ana samu da guntun wayarsa. Na biyu shi ne mahaɗin da ke tsakanin wayoyin fitilar da na motar, yana nan bayan gidan fitilar ko ƙasa kaɗan. Ka raba shi ka duba haƙoransa. Wurin nan taya take watsa wa laka duk damina, da rani kuma ƙura ta cika shi, in ruwa ya sauka a kan ƙurar sai ta zama taɓo mai riƙe danshi. Na uku, inda masar take ɗaure a ƙarfe. Kwance ƙusar, ka goge zoben wayar da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa har su yi fari, ka ɗaure tam, sannan ka shafa giris a sama. A sama na ce, bayan an ɗaure.

Ka kuma bi wayar da hannu a ƙarƙashin bodi. A-kori-kurar da ke ɗaukar buhuna da jarkoki, wadda ake ɗaure wa igiya ta ko'ina, sau da yawa wayar tana gogar ƙarfe ta sale. In ka sami haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatef, musamman inda aka taɓa jan wuta zuwa ƙarin fitila, ka warware shi, a yi masa dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Haɗin murɗe ba ya shekara a hanyarmu.

Tsohon ƙwan ma yana da abin da yake faɗa. Baƙin gilashi alamar tsufa ce, ƙarfen zaren ne ya yi ta tashi yana mannewa a ciki, canja shi da ka yi daidai ne ko bai tsinke ba. Da fari ne kamar hayaƙi ko madara, da iska ce ta shiga, ko gilashi ya tsage ko ruwa ya ɗiga a kansa yana da zafi, sai ka nemi inda ruwan yake bi. In kuwa ƙwayaye suna mutuwa a kai a kai, gaba da baya, a auna caji. Inji a kunne, mita a kan batir ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. In tana kai 15, na'urar daidaita cajin da ke cikin altanato ta lalace, kuma ƙarin kashi 5 cikin 100 kacal a kan abin da aka ƙera wa ƙwai yana raba kwanansa biyu. Batir ɗin ma zai riƙa shan ruwa.

Abu guda da nake roƙon kowa: in fis ya ƙone a garin gwaji, a sa irinsa mai lamba ɗaya. Kada a naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari. Lambar tana rubuce a murfin akwatin fis, a Toyota ka nemi inda aka sa TURN ko HAZ.

Mai wayarin mota, Garwa

Baba ya faɗi gaskiya, masa ce. Zan ƙara abu ɗaya kan giris. A cikin soket kada a sa baƙin giris na taya, yana narkewa ya kama ƙura. Akwai farin na lantarki, in babu shi ɗan basilin a kan zoben robar ya wadatar, shafa kaɗan ba cikawa ba. Kuma in ka ga raɓa a cikin gilashin fitilar da safe, ka cire soket ɗin duka ka kifa gidan a rana ya bushe kafin ka mayar.

Saura tambayarka ta LED. Ra'ayina, ka gyara masa tukuna, ka bar ƙwan da ka saya ya yi aikinsa. LED ba ta maganin tsatsa. Amfaninta na gaske shi ne ba ta da zaren da girgiza za ta tsinka, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai bin hanyar Mora zuwa Kusiri. Amma wutar da take ja 'yar kaɗan ce, rilai zai ɗauka ƙwai ya mutu, saurin nan da kake gudu ya dawo, a wannan karon hagu da dama.

Hanya biyu ake bi. Ko a canja rilai da wanda aka yi don LED, ko a ƙara rezistans, wato abin da zai ja wutar da ƙwan asali yake ja. Rilai ɗin yana ƙarƙashin tabulo ta gefen direba, ka kunna sigina huɗu ka bi ƙarar da kunne da yatsa har ka taɓa wanda ke bugawa. Ka cire shi ka ƙirga ƙafafunsa kafin ka saya, tsofaffin Toyota ƙafa uku ne, na bayansu takwas. Wannan hanyar ta fi tsabta, ba a yanka waya ko ɗaya. Illarta ita ce yawancin irin wannan rilai ba sa ƙara sauri in fitila ta mutu, ka rasa mai gaya maka, sai ka riƙa zagaya motar da kanka kowace safiya. Sababbin motocin da kwamfuta ce ke ƙifta musu sigina ba su da rilai ɗin da za a zare, su sai rezistans.

Rezistans ɗin da ake sawa mai om 6 ne, wat 50, guda ɗaya ga kowane ƙwan wat 21 da aka cire. Ana haɗa shi tsakanin wayar sigina da masa, a gefen ƙwan, ba a tsinka waya a sa shi a tsakiya ba. Yana jan kusan amfiya 2, wato duk wutar da LED ta rage shi yake mayar da ita zafi, kuma zafin yana narka roba in aka bar sigina huɗu a kunne a bakin hanya. A ɗaure shi da sukuru a jikin ƙarfe, nesa da waya da gidan fitila, kada a naɗe shi da salatef a bar shi yana lilo.

In ka yanke shawarar saye, gindin ya zama irin naka mai kunnuwa a karkace, a kwalin za ka ga BAU15s, launin kuma na lemo. Ka sa ɗaya a dama ka bar ƙwan asali a hagu, ka kunna sigina huɗu da tsakar rana, ka ja baya taku ashirin ka kalla, sannan ka koma gefe ka sake kallo. Madubin da ke cikin gidan fitilar don zare mai haske ta ko'ina aka ƙera shi, LED mai arha kuwa gaba kawai take harbawa, daga gefe ba a ganin ta, kuma daga gefen nan ɗan kilando yake tahowa. In ba ta kai ƙwan hagu haske ba daga wuraren biyu, mayar wa mai shago.